Man da ido ba ya gani: yadda ake zaɓen ƙwallon bolin da ya dace da layi

A shekarar 2010, a garin Arlington na jihar Texas da ke Amurka, hukumar kula da wasan bolin ta ƙasar, USBC, ta haɗa wani mutum-mutumi da ɗan Adam a wasa guda. Na'urar, mai suna E.A.R.L., an ƙera ta ne don ta riƙa jefa ƙwallo iri ɗaya sak a kowane lokaci: gudu ɗaya, juyi ɗaya, kuma ta sauke shi a wuri ɗaya. Abokin karawarta shi ne ƙwararren ɗan wasa Chris Barnes. Da aka tashi, Barnes na da maki 259, na'urar na da 209.

Abin zai ba mutum mamaki idan yana ɗaukar bolin a matsayin wasan saiti kawai, wato a mirgina ƙwallo a kan dogon layi ya je ya kayar da kwalabe goma. Amma tsakanin hannun mai jifa da kwalaben akwai wani abu da ba a gani, shi ne siririn man da ake shimfiɗa wa layin. E.A.R.L. ta iya maimaita jifa, sai dai ba ta ganin man, sai ma'aikacin da ke sarrafa ta ya lura ya gyara mata saiti. Wannan man shi ne dalilin da ya sa ƙwararru ke shiga gasa da jaka cike da ƙwallaye, kuma shi ne dalilin da ya sa sabon ɗan wasa kan zuba kuɗi ya sayi ƙwallo mafi tsada a shago, ya dawo yana cewa an cuce shi.

Layin da mansa

Daga layin iyaka, inda ƙafar mai jifa ba ta wucewa, zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, kimanin mita 18. Faɗin layin inci 41 da rabi ne, an kasa shi zuwa siraran falankai 39, kuma da lambar falanki 'yan wasa ke lissafin inda ƙwallo ya bi. Mai jifa da dama yana ƙirgawa daga gefen dama, bahago daga hagu.

Asalin man don kare katako ne daga dukan ƙwallo. Yau yawancin layuka na roba ne da aka yi musu zanen katako, amma man yana nan, kuma ya zama ɓangare na wasan kansa. Injina masu kwakwalwar kwamfuta, irin waɗanda kamfanonin Kegel da Brunswick ke ƙerawa, su ke bin layi suna wanke tsohon mai suna zuba sabo, falanki bayan falanki, bisa tsarin da aka loda musu. Duka man da ke kan layi ɗaya yawanci mililita 20 zuwa 30 ne, da ƙyar ya cika cokalin cin abinci biyu. Ba a kuma shafa shi har ƙarshe. Yakan tsaya a wajen ƙafa 40, sauran tazarar zuwa kwalabe a bar ta a bushe.

Abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci a kowane tsarin mai. Na farko tsawonsa. Na biyu yadda aka raba shi daga gefe zuwa gefe. A gidajen wasa na yau da kullum ana tara mai a tsakiya, a bar gefuna kusan a bushe, har man tsakiya ya ninka na gefe sau takwas ko goma. Wannan rangwame ne ake yi wa masu zuwa nishaɗi. Ƙwallon da ya kauce waje zai taka busasshen wuri ya dawo ciki, wanda ya kauce ciki kuma zai zame a kan mai ya ƙi wuce gona da iri. A gasannin ƙwararru ana daidaita man, na tsakiya bai wuce ninki huɗu na gefe ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Nan kuskuren falanki biyu kan isa ya ɓata jifa.

Ƙungiyar ƙwararru ta PBA ta raɗa wa tsare-tsarenta sunayen dabbobi. Cheetah da Wolf gajeru ne, ƙafa 30 da 'yan kai. Shark dogo ne, Badger kuma ya taɓa kaiwa ƙafa 52. A shekarar 2013 ƙungiyar ta fara rina man da shuɗi a wasu wasannin talabijin domin masu kallo su ga abin da 'yan wasan ke fama da shi.

Akwai wani ɗan lissafi da masu koyarwa ke amfani da shi: a cire 31 daga tsawon man, abin da ya rage shi ne kusan falankin da ya kamata ƙwallo ya kasance a kai lokacin da zai fita daga mai. Idan man ƙafa 40 ne, falanki na 9 ke nan. Idan 35 ne, na 4, dab da kwata. Idan 45 ne, na 14, can ciki. Kirdado ne, ba doka ba, amma yana nuna dalilin da ya sa ƙwallo ɗaya ba zai yi wa mutum aiki a ko'ina ba.

Me ya sa ake son ƙwallo ya yi kwana

Mai jifa da dama yana neman ƙwallonsa ya shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3. Amma ba shigar kaɗai ba, har da kusurwar da ya shigo da ita. Ƙwallon da aka jefa miƙe, ko da daga can gefe aka sako shi, kusurwarsa ba ta kai digiri 2 ba. Binciken USBC ya nuna cewa kusurwar da ta kai wajen digiri 6 ita ce ke faɗaɗa damar kayar da kwalabe goma a jifa ɗaya. Ba a samun wannan sai ƙwallo ya lanƙwasa.

Tafiyar ƙwallo mai kyau kashi uku ce. Da farko yana zamewa a kan mai, yana juyi amma bai kama ƙasa ba. Da ya fara fita daga man sai ya kama layi ya yi kwana. Daga ƙarshe ya daina kwana, ya mirgina gaba sosai ya shiga kwalabe da ƙarfinsa. Duk maganar zaɓen ƙwallo a kan wannan take: a samu wanda zai yi waɗannan matakai uku a wuraren da suka dace a kan layin da ake wasa a ranar. Wanda ya makara wajen kama ƙasa zai isa kwalabe yana zamewa. Wanda ya yi sauri zai ƙarar da ƙarfinsa tun a rabin hanya.

Ɓawo kafin komai

Tallace-tallacen kamfanoni sun fi son nuna hoton ƙwayar da ke cikin ƙwallo, mai siffa kamar wani sashe na injin jirgi. Amma lokacin da USBC ta gudanar da babban bincike kan motsin ƙwallo, wanda aka fara a 2005 aka fitar da sakamakonsa a 2008, abubuwan da suka zo kan gaba duk na ɓawo ne: kaushin fatarsa, yadda yake kama layi a cikin mai, da saurin da yake tsotse man. Siffar ƙwayar ciki ta biyo baya. Ba abin mamaki ba ne, tunda ɓawon ne kaɗai ke taɓa ƙasa.

Da katako mai tauri aka fara yin ƙwallayen, sai roba mai tauri ta shigo a farkon ƙarni na 20. Yau iri uku ne a kasuwa.

Na foliyesta shi ne mai santsi, wanda kusan ba ya kwana. Yawancin ƙwallayen da ake jerawa a gidajen wasa don haya irinsa ne, shi ya sa wanda ya taɓa gwada bolin a wani babban kanti ya ga ƙwallonsa ya ƙi lanƙwasa kamar na talabijin bai kamata ya zargi hannunsa kaɗai ba. Ƙwararru ma suna riƙe guda ɗaya a jaka, domin idan kwalba ɗaya ta rage a lungu, musamman ta 10 ga mai jifa da dama, ƙwallon da ke tafiya miƙe ba ruwansa da mai shi ne abin dogaro.

Na yuretan ya fito a farkon shekarun 1980. Yana kama layi da wuri, yana yin kwana a hankali kamar baka, ba ya fizga. Ba ya shan mai sosai.

Na riyaktif ya zo a farkon shekarun 1990, kuma shi ya sauya wasan. Yuretan ne da aka ƙara wa sinadarai har fatarsa ta samu ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ke tsotse mai. Yana zamewa a kan mai, amma da ya taka busasshen wuri sai ya kama da ƙarfi. Shi ma ya kasu uku, kuma sau da yawa ana gane su daga ƙarshen sunan ƙwallon. Mai Solid a sunansa yakan zo da fata dishi-dishi, yana kamawa da wuri. Mai Pearl an zuba masa wani gari mai ƙyalli, yana tafiya nesa kafin ya juya, juyin kuma da kaifi. Hybrid ruwa biyu ne, an gauraya su.

Abin da sababbin 'yan wasa da yawa ba su sani ba shi ne, fatar da ƙwallo ya zo da ita daga masana'anta ba ita ce ta dindindin ba. Ana goge shi da wani soso mai kama da samfefa, irin su Abralon, masu lamba 500, 1000, 2000, 4000. Ƙaramar lamba tana ƙara kaushi, ƙwallo ya kama da wuri. Babbar lamba, ko man goge mai sa sheƙi, yana sa ya zame ya yi nisa. Ƙwallo ɗaya da aka goga da 1000 sannan aka mayar da shi 4000 zai iya zama kamar ƙwallaye biyu daban, kuma kuɗin soson bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon ƙwallo ba. Kafin a yanke hukunci cewa ƙwallo bai yi ba, a gwada sauya masa fata tukuna.

Lambobin da ke jikin kwali

Ƙwayar ciki tana da nata aikin, kuma lambobi biyu ne ke bayyana shi. Ta farko ita ce RG, wadda ke nuna ko nauyin ƙwallon ya taru a tsakiya ne ko ya bazu zuwa ɓawo. Dokar USBC ta tsayar da ita tsakanin inci 2.460 da 2.800. Wanda nauyinsa ke tsakiya, mai ƙaramar lamba, yana saurin ɗaukar juyi, don haka yana fara aiki da wuri. Mai babbar lamba yana jinkiri, yana adana ƙarfinsa zuwa ƙarshen layi.

Ta biyu ita ce bambancin RG tsakanin tsayin ƙwayar da faɗinta, kuma doka ba ta yarda ya wuce 0.060 ba. Idan bambancin na da yawa, ƙwallon yana ɗan sauya gefen da yake birgima a kai a kowane zagaye, sai ya riƙa taka layi da busasshiyar fata maimakon wadda ta riga ta jiƙe. Ana ganin shaidar wannan idan ƙwallo ya dawo: zoben mai a jere a jikinsa, kowanne ya ɗan matsa daga ɗan'uwansa. Yawan tazarar zoben, yawan kwanan da ƙwallon zai iya yi.

Akwai kuma ƙwayoyi masu daidaitacciyar siffa da masu karkatacciya. Masu karkatacciya sun fi saurin amsawa idan suka samu kamu, kuma su kamfanoni suka fi tsawwala wa kuɗi.

Wane ƙwallo ga wane layi

Idan man na da yawa kuma dogo ne, ƙwallo ba shi da isasshen busasshen fili da zai juya a ciki. Nan ake buƙatar mai ƙarfi: riyaktif mai dishi-dishi, an goge shi da ƙaramar lamba, ƙaramin RG, babban bambanci. Aikinsa ya fara kama layi tun yana cikin man. Ƙwallo mai sheƙi a irin wannan layi zai yi ta zamewa har ya wuce inda ake so.

Idan man gajere ne, matsalar ta juye. Busasshen filin ya yi yawa, ƙafa 25 ko fiye, kuma riyaktif mai kaifi zai fita daga mai ya fizga ya tsallaka hagu. A nan ƙwararru da yawa ke komawa ga yuretan, fasahar da ta haura shekara 40, saboda kwanansa a hankali yake, ana iya hasashen inda zai ƙare. Wannan ne ya dawo da martabar ƙwallaye irin su Purple Hammer a gasannin PBA.

Ga layin gidajen wasa na yau da kullum, inda mafi yawan mutane za su yi duk rayuwarsu ta bolin, matsakaicin ƙwallo ya wadatar: Solid ko Hybrid mai daidaitacciyar ƙwaya. Irin su Phaze II da IQ Tour na kamfanin Storm sun daɗe a kasuwa saboda wannan dalili. 'Yan wasa suna fara jifa da irinsu don su karanci layi, daga yadda ya tafi su gane ko za su hau zuwa mai ƙarfi ko su sauka.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane yana faruwa ne a layin da ya bushe. Mutum ya zo da ƙwallo mai kaushi, ya jefa, ya ga bai yi wani kwana ba, ya isa kwalabe a sanyaye ya bar ta 10 a tsaye. Sai ya ɗauka ƙwallon ne ba shi da ƙarfi, ya koma shago ya nemi wanda ya fi shi. Alhali abin da ya faru shi ne ƙwallon ya kama ƙasa tun a ƙafa 20 na farko, ya ƙone juyinsa kafin ya kai inda ake buƙata. Ƙwallon da ya zame fiye da kima da wanda ya gaji da wuri suna iya kama da juna a idon wanda bai saba ba, maganinsu kuwa kishiyar juna ne. Na biyun mai rauni yake buƙata, mai sheƙi, mai babban RG, wanda sau da yawa shi ne mai araha a kan kanta.

Layi ba ya zama yadda aka same shi

Ko an dace da ƙwallo a wasan farko, ba lallai ya kai mutum wasa na uku ba. Kowane riyaktif da ya bi ta kan layi yana ɗauke mai kaɗan, kuma idan mutum takwas ko goma suna bin kusan hanya ɗaya, nan da nan sai su haƙa busasshiyar hanya a cikin man. Alamar farko ita ce ƙwallo ya fara kwana da wuri yana bugun kwalbar farko a goshi. Su kuma na foliyesta da na yuretan, tunda ba sa shan mai, tura shi suke yi gaba zuwa wurin da ya kamata ya kasance a bushe, sai ƙwallon wani ya zo juyawa ya tarar da santsi. Wannan na daga cikin abin da ke jawo gunaguni tsakanin ƙwararru game da yuretan.

Matakin farko shi ne mai jifa ya matsa da ƙafafunsa ciki ya nemi sabon mai. Idan hakan bai isa ba, sai a sauya ƙwallo, yawanci daga mai dishi-dishi zuwa mai ƙyalli. Zafin ɗaki, laima a iska, da ko layin katako ne ko roba duk suna shafar saurin wannan sauyi. Tsohon layin katako ya fi kamu, yana son ƙwallo mai sauƙi.

Fasaha ta shigo nan ma. Na'urar Specto ta kamfanin Kegel tana amfani da hasken leza ta bi sawun ƙwallo, ta nuna a waya ko allo falankin da ya bi, inda ya juya, da gudunsa. Abin da a da sai gogaggen ido, yanzu ana iya ganinsa a zane.

Hannun da zai jefa

Duk abin da aka faɗa a sama yana sauyawa gwargwadon mai jifa. Abin dubawa shi ne gudun ƙwallo idan aka gwada shi da yawan juyinsa. Mai jifa da ƙarfi amma juyi kaɗan yana buƙatar ƙwallon da ya fi kaushi, domin layin a wurinsa kamar ya fi mai. Mai juyi da yawa, irin masu jifa da hannu biyu da Jason Belmonte ɗan Ostareliya ya shahara da salonsu, hannunsa ya riga ya samar da kwanan, abin da yake nema shi ne ƙwallon da zai lafa masa.

Nauyi ba ya wuce laba 16, wato kilo 7.26, kuma ƙwararru maza da yawa 15 suke jefawa. Tsohuwar shawara ita ce kashi goma cikin ɗari na nauyin jiki, amma ma'aunin gaskiya shi ne wanda mutum zai iya jefawa wasa uku ba tare da wuyan hannu ko kafaɗa sun yi tsami ba. Mai sayen ƙwallo mara nauyi ya bincika, domin kamfanoni kan sa sauƙaƙƙiyar ƙwaya a ƙananan nauyi, ba wadda ke hoton talla ba.

Sabon ƙwallo yana zuwa ba rami. Mai shagon kayan bolin ne ke auna tafin hannu da yatsu ya huda, kuma inda ya sa ramukan yana sauya yadda ƙwayar ke kwanciya a ciki, don haka yana sauya tafiyar ƙwallon. Mai huda na kirki zai so ya ga jifar mutum kafin ya kunna inji, zai kuma tambayi inda yake wasa. Wanda ya sayo ta intanet ya tabbatar akwai mai huda a kusa da shi kafin ya biya.

Dokoki da kula

Mai niyyar shiga gasa ya san cewa dokokin kayan wasa suna motsi. Daga 1 ga Agustan 2020 USBC ta haramta ƙarin ramin da ake hudawa don daidaita nauyi, duk ramin riƙo da ke jikin ƙwallo sai an sa yatsa a cikinsa lokacin jifa. Da zarar gasa ta fara, ba a goge fata da soso, ba a kuma wanke ƙwallo da sinadari, sai busasshen tawul. A 2022 hukumar ta soke amincewarta da Purple Hammer da aka ƙera a 2016 da 2017 saboda taurinsu ya gaza ma'auni, daga kakar 2024 kuma PBA ta ɗaga taurin da take buƙata ga ƙwallayen yuretan zuwa 78 a ma'aunin D. Ƙwallo mai taushi yana taka layi da fata mai faɗi, yana samun kamun da ya fi na sauran.

Shi kuwa riyaktif, shan man da ya sa yake aiki shi ne ke kashe shi a hankali. Ramukan fatarsa suna cika, kaushin kuma yana gogewa da kansa, sai ƙwallon da ke juyawa da kyau watanni uku da suka wuce ya koma zamewa. Goge shi da tawul bayan kowace jifa da wanke shi bayan an tashi suna jinkirta hakan. Bayan wasanni masu yawa, shagunan bolin suna da na'urar da ke ɗumama ƙwallo a hankali har man ya tsattsafo, sannan a maido masa da fatarsa da soso. Ba aikin tandar kicin ba ne, kuma barin ƙwallo a but ɗin mota cikin zafin rana ko tsananin sanyi na iya tsaga ɓawon, saboda shi da abin da ke cikinsa ba sa buɗewa da tsukewa a lokaci ɗaya.